Liba na cijewa, fim na yagewa a Spotmatic: kaset ne ko kyamarar?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, don Allah a taimaka. Kyamarar Pentax Spotmatic ce, ƙofarta lafiya, gilashin tas, shata (labulen da ke buɗe wa haske) na tashi daidai a kowane gudu. Fim baƙi da fari ne na babban naɗi mai mita 30.5, ina ɗura shi da loda (na'urar ɗura fim) a kaset (gwangwanin fim) na roba masu murfin murɗawa, guda shida. Ina ƙirga ƙara 50 a loda (kowace ƙara da ta yi, hoto ɗaya ke nan) saboda abin da ake asara a kan fim da wutsiyarsa ya ragu. Matsalar ita ce liba mai jan fim gaba tana yin tauri, wani lokaci ta cije a tsakiya. Na wanke naɗi biyu, na tarar hudojin gefe sun yage a wurare da dama, hotuna uku sun hau kan juna. Ina tsoron haƙoran ciki ne suka cinye. In buɗe ƙasanta?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Kada ka kwance ko noti ɗaya, Malam. Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: ƙara 50. Kowane hoto hudoji 8 ne, milimita 38. Hamsin ya kai mita 1.9 ke nan, alhali naɗin hoto 36 da kansa da wutsiyarsa bai wuce wajen mita 1.6 ba. Fim ya cika kaset ya tokare bango, kwarkwaron da fim ke naɗe a kai ya kasa juyawa. Ƙarfe mai haƙora ne ke jan fim, shi ba ruwansa, in fim ya ƙi tahowa sai haƙoran su keta hudoji. Inda hudoji suka yage fim ba ya tafiya cikakken taki, shi ya sa hoto ya hau kan hoto. Ka tsaya a 41 ko 42. Ni mamakina ma yadda mita 1.9 ya shiga faifan da ake naɗa fim a kai don wanki.

Mai tambaya:
Na gode Yallabai, amma kaset ɗin ya ɗauka, murfi ya rufu ba tare da dole ba. Da cika ce ai da na ji tun a loda.

Mai Sukudireba:
Ba ka faɗi abu biyu ba. A hoto na nawa taurin ke farawa? Kuma fim na kamfani yana tafiya lafiya a cikinta? In cika ce, taurin na farko ne, yana sauƙi bayan hoto biyar ko shida. In kuwa yana ƙaruwa wajen ƙarshe, duba kwarkwaron karɓa na hannun dama. Yana da kuloci da ke sulluɓewa da gangan. Buɗe ƙofa, riƙe shi da yatsa, ja liba: ya kamata ka ji yana ja kafin ya sulluɓe. In ya saki babu wani ƙarfi, fim zai taru ya lanƙwashe bayan haƙora. Sannan ka juya cokalin mayar da fim ba kaset a ciki. Giris na kyamarar da ta fara fitowa a 1964 yana daskarewa ya riƙe kwarkwaro.

Tsohon Hannu:
Kuloci mai rauni ba ya yaga hudoji, tara fim yake yi. Yagewa daga ɓangaren kaset take. In ba cika ba, to salatif ɗin da ke manne fim da kwarkwaron kaset ne. Ka yanka bakin fim a miƙe, ka ɗauki salatif kamar santimita 6, ka manna a fuska ɗaya, ya zagaye kwarkwaro, ya dawo ya kama ɗaya fuskar. Faɗinsa kada ya kai gefuna. In fim ya manne a karkace ko da milimita ɗaya, duk naɗin zai riƙa gogar gefen kwarkwaro.

Ɗan Ɗakin Duhu:
Kaset na roba ne matsalar, ku daina wahalar da shi. Murfinsu in ka murɗa sosai ya matse kwarkwaro, in ka sassauta ya buɗe haske ya shiga. Karammiskin bakinsu kuma bayan ɗuri huɗu ko biyar ya tara ƙura, ko ya ɓanɓare ya naɗe ciki. Kaset na tagulla da kamfanin kyamara na Leica ke yi a da ba su da ƙyalle sam, bakin buɗewa yake idan an kulle ƙasan kyamara.  Ka nemi gwangwanin kamfani da aka bar wa guntun fim a waje, ka jona naka baki da baki, ka yi amfani da shi sau ɗaya ko biyu ka jefar.

Mai tambaya:
Sababbi ne fa, ɗurinsu na biyu ke nan. Salatif kuma na takarda nake sawa, ninki biyu don kada ya kuɓuce a ƙarshe. Wani ya ce in ɗiga man keke a gindin liba.

Mai Sukudireba:
A'a. Mai zai gangara ya taɓa labulen shata, ka sayi babbar matsala. Gwaji ɗaya ne: sa guntun fim da ya lalace a kaset, rufe, ja shi da yatsu biyu. Ya fito sumul. In sai ka yi ƙarfi, kyamara ba ta da laifi. Kuma duba kwalin fim ɗin. In gindinsa na foliyesta ne ba ya tsinkewa, giyar ce za ta sha wuya idan ka dage wa liba.

Tsohon Hannu:
Ninki biyu! Ga tudu a tsakiya, ga mita 1.9 a kai. Ɗura hoto 24 kawai da salatif falle ɗaya, ka gani.

Mai tambaya:
Zan gwada 24 ɗin, amma sauran huɗu da na riga na ɗura ba zan warware su ba. Har yanzu jikina na ba ni haƙoran ne, don akwai wata 'yar ƙara "ƙas" da nake ji kafin liba ta cije.

Mai Sukudireba:
Fim na kamfanin fa? Ba ka amsa ba.