An sa wa mahaifiyata ƙarfe a kafaɗa, bayan wata biyar ciwon ya dawo

Ba'adare, Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙashi. Mahaifiyata, mai shekara 64, ta zame a tsakar gida cikin damina, ta faɗi a kan hannun dama, ƙashin damtse ya karye can sama dab da kafaɗa, kuma radiyo, wato hoton ƙashi, ta nuna ya rabu uku. Mun kai ta Yamai, aka yi mata aiki, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe da ƙusoshi tara. Wata uku na farko mun ga sauƙi, har ta koma kai loma baki da hannun. Tun shigowar wata na biyar ciwon ya dawo, ya fi tsanani da dare, kuma tana cewa in ta motsa tana jin kamar ana niƙa tsakuwa cikin kafaɗar. Kallabi sai ƙanwata ta ɗaura mata, kuma a kabbarar sallah hannun hagu yana kai kunne, na dama yana tsayawa a ƙirji.

Mun yi sabuwar radiyo a nan. Na ɗaga ta a hasken taga tare da wadda aka ɗauka ranar aikin, sai na ga tsinin ƙusa biyu kamar sun leƙo daga kan ƙashin, alhali a ta farko suna ciki. Kawuna ya ce a kai ta wurin maɗori a yi gashi, mai motsa mata hannu kuma ya ce sandarewa ce, a ƙara matsawa. Shin ƙusoshin ne suka kwance? Kuma cire ƙarfen zai raba ta da ciwon?

Dakta M., likitan ƙashi, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna lafiya. Ba zan yanke hukunci a kan radiyon da ban gani ba, amma abin da ka kwatanta sananne ne a wannan aiki, kuma da wuya a ce ƙusoshin sun kwance. Ƙarfen da ake sawa yanzu, irin wanda ake kira PHILOS, kowace ƙusa tana kullewa ne a jikinsa, saboda haka ba ta iya ja da baya. Wannan ne ƙarfinsa, kuma shi ne aibinsa a ƙashin tsofaffi wanda ya yi laushi: idan kan ƙashin ya nutse, ƙusa tana nan inda take, sai tsininta ya huda guringuntsi ya shiga cikin gaɓa, yana kartar kwanon da kan ƙashin yake juyawa a ciki. Mai yiwuwa ƙarar da Inna take ji ke nan.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa kan ya nutse. Wani lokaci tallafin ɓangaren ciki na wuyan ƙashin ne ya ruguje tun ranar faɗuwa, sai kan ya riƙa karkacewa ƙasa sannu a hankali. Wani lokaci kuma jini ne ya daina isa gare shi, domin ƙananan jijiyoyin jinin da suke zagaye wuyan ƙashin suna iya tsinkewa a lokacin karayar, musamman wadda ta rabu uku ko huɗu bisa rabe-raben da likitan Amurka Charles Neer ya fitar a 1970. Ƙashin da ya rasa jini ba ya nuna kansa nan take. Yakan ɗauki watanni, har shekara ɗaya ko biyu, kafin ya fara lotsewa. Shi ya sa mara lafiya yake samun sauƙi da farko, iyali su yi hamdala, sannan ciwo ya dawo.

Kada ka ɗauka Inna ce kaɗai. Wani bincike da aka yi a asibitoci da dama na Turai, aka wallafa a 2009, ya bi mutum 155 har shekara guda bayan irin wannan aiki, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin uku sun sami matsala, kuma hudawar ƙusa ce ta fi yawa.

Game da cire ƙarfe, ya danganta da abin da hoton sikana zai nuna. In karayar ta haɗe, kan ƙashin kuma yana da rai, ana iya cire ƙusoshin da suka leƙo ko ƙarfen duka. In ba ta haɗe ba, cire shi duka zai bar ƙashin ba madogara. In kuwa kan ya mutu ya lotse, sai a yi maganar gaɓar roba da ƙarfe, wadda take da tsada. Abin da ba na shakka a kansa shi ne kada a matsa hannun da ƙarfi, kuma kada maɗori ya ja shi, domin kowane juyi yana ƙara cin guringuntsin da ba ya sake tsirowa.

Hajiya mai kine (mai motsa gaɓoɓin marasa lafiya), Yamai:

Ina goyon bayan Dakta. Sandarewar kafaɗa gaskiya ce, kuma ita muka fi gani bayan wannan aiki, amma kafaɗar da ta sandare ba ta cika yin ƙarar niƙa ba, kuma ba ta saba samun sauƙi wata uku sannan ta koma baya. Kafin ku ga likita, Inna ta ci gaba da motsa yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu kawai. Ka duba tabon aikin ko akwai ja, zafi ko mugunya, ka kula da zazzaɓi, kuma in tana da ciwon suga a auna shi, domin ƙwayar cuta a jikin ƙarfe takan yi shiru ta daɗe. Ka kuma shafa gefen damtsen daga waje, ƙasa da kafaɗa kaɗan, ka tambaye ta ko tana jin taɓin kamar na ɗaya hannun. Akwai jijiyar da take ratsawa ta nan, wadda karaya ko aiki ke iya taɓawa.

Ɗan kabu-kabu:

Ni ma an sa mini wannan ƙarfe bayan haɗarin babur, ina da shekara 31. Tawa matsalar daban ce: ƙarfen ya ɗan yi sama, duk sa'ad da na ɗaga hannu ya kai daidai kafaɗa sai in ji ya tokare. Bayan wata 14, da aka tabbatar ƙashin ya haɗe, aka cire shi, na koma kan babur. Sai dai ƙashin matashi ba ɗaya yake da na Inna ba, kada ka auna nata da nawa.

Ba'adare, Tahoua:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Babu mugunya ko zazzaɓi, kuma tana jin taɓi. Za mu taso Yamai ranar Litinin in Allah ya yarda. Amma Dakta, kawuna yana ta cewa da an bar hannun a rataye tun farko da ba mu shiga wannan ba. Yana da gaskiya?

Dakta M., likitan ƙashi, Yamai:

Maganar Kawu ba ta rasa tushe, ko da yake ba ta hanyar da yake nufi ba. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna PROFHER a kan mutum 250 masu karayar da ta goce, aka wallafa shi a 2015, kuma bayan shekara biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda aka rataye wa hannu aka bi su da motsa jiki a hannun gwani. Amma akwai karayar da gwajin bai haɗa da ita ba, kamar wadda kan ƙashin ya fita daga gurbinsa, don haka sai an ga radiyon ranar faɗuwa kafin a ce uffan a kan ta Inna.

Ku zo da dukan hotunan bisa jerin kwanakinsu, da takardar bayanin aikin wadda take ɗauke da sunan ƙarfen, domin kowane iri da makullin da ke kwance ƙusoshinsa. Hanyar ta wuce kilomita 500, saboda haka a rataye mata hannun, a sa ƙaramin matashi ƙarƙashin gwiwar hannun, kuma a nema mata kujerar da kafaɗar dama ba za ta riƙa bugun taga ko masu wucewa ba.