'Yan Latino a Hollywood: wariya ce ko lissafin kasuwa?

Malam Bashir: Assalamu alaikum. A ganina zancen wariyar da ake yi wa 'yan Latino, wato masu asali daga ƙasashen Latin Amurka kamar Meksiko, a Hollywood ya zama tarihi, abin da ya saura lissafin kasuwa ne. Daga 2014 zuwa 2019 an ba da Oska, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, ta gwarzon darakta sau shida, biyar daga ciki 'yan Meksiko suka ɗauke: Alfonso Cuarón sau biyu, Alejandro Iñárritu sau biyu a jere, Guillermo del Toro sau ɗaya. Yau ga Pedro Pascal, ga Jenna Ortega, ga Zoe Saldaña da ta karɓi Oska a 2025. Wanda ake ƙi ba a miƙa masa kambu haka.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, duba su wa suka ja finafinan nan biyar. Sandra Bullock, Michael Keaton, Leonardo DiCaprio, Sally Hawkins. Na biyar, Roma na Cuarón, shi kaɗai ne 'yar Latino ta ja, Yalitza Aparicio, shi ma a Meksiko aka ɗauke shi, da Sifaniyanci da harshen Mixtec. Daraktocin uku a gida suka koyi sana'a, suka yi suna, sannan Hollywood ta neme su. Ƙorafin na ɗan da aka haifa a Los Angeles ko Bronx ne, wanda ba shi da wata masana'anta sai wannan.

Ga alƙaluma. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Latino sun kai miliyan 62 a Amurka, kusan kashi 19 cikin 100. Cibiyar Annenberg ta jami'ar USC ta bi finafinai 1,200 mafi ciniki daga 2007 zuwa 2018, ta ƙirga duk wanda ya buɗe baki ya yi magana. 'Yan Latino kashi 4.5 ne. Waɗanda suka ja fim kashi 3. Daraktoci kashi 4, mafi yawansu daga waje, mace ɗaya tak a cikinsu, Patricia Riggen.

Malam Bashir: Hajiya, ban musa alƙaluman ba, fassararsu nake musu. Fim mai zaman kansa kafin a kunna kyamara ake sayar da izinin nuna shi a Jamus, Japan, Koriya da sauransu. Da takardun cinikin ake zuwa banki karɓo bashi. Mai saye a can sunan jarumi yake dubawa, domin kowane suna yana da farashinsa a kowace ƙasa. Furodusan da ya ɗauki sanannen Bature ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, bashi yake son biya.

Sagir: Yaya Bashir, a nan gizo ke saƙar. Wa ke mayar da mutum sanannen suna? Sai an ba shi fim ya ja, an zuba kuɗin talla, ya faɗi an sake ba shi. Idan ba a taɓa ba ka ba, farashinka sifiri ne, sai a ce ba za a ba ka ba domin farashinka sifiri ne. Kuma in kasuwar ce da gaske, rahotannin ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka sun sha nuna cewa 'yan Latino ke sayen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tikitin silima a ƙasar, fiye da kasonsu a yawan jama'a. A 2013 Instructions Not Included na Eugenio Derbez, mafi yawansa da Sifaniyanci, ya tara dala miliyan 44 a Amurka kaɗai. Coco ya wuce miliyan 800 a duniya. A 2024 kamfanin McKinsey ya ƙiyasta cewa masana'antar na asarar dala biliyan 12 zuwa 18 a shekara saboda watsi da su. Ɗan kasuwa na gari ba ya barin irin wannan kuɗi a ƙasa.

Malama Hauwa: Ku bar gaban kyamara tukuna, ku leƙa ɗakin marubuta, can ake yanke wa mutum rigar da zai sa. A fim mai dogon zango na talabijin, marubuci yana hawa matakai kusan takwas, daga ƙaramin marubuci har zuwa shugaban shiri, wanda shi ke da ta cewa kan labari da zaɓen jarumai. Tashoshin Amurka sun ɓullo da wani tsari: su za su biya albashin ƙaramin marubuci ɗaya daga tsirarun ƙabilu, ba daga kasafin shirin ba. Niyya mai kyau, amma ga inda take lalacewa. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, albashin ya koma kan kasafin shirin. Sai wasu shugabannin shiri su sallame shi, su karɓo wani sabo na kyauta. Mutum ya maimaita matakin farko sau biyu sau uku a shirye-shirye daban-daban, sa'anninsa sun yi nisa. Shi ya sa wasiƙar da marubuta 'yan Latino sama da 270 suka sa wa hannu a Oktoban 2020 ta nemi, cikin buƙatunta, a daina sa su maimaita mataki.

Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, bisa buƙatar ɗan majalisa Joaquin Castro, ya fitar da rahoto a 2021: 'yan Latino kashi 18 ne na ma'aikatan ƙasar, kashi 12 a kafafen yaɗa labarai da fim, kashi 4 kacal a manyan kujeru. In babu naka a inda ake rubutu, abin da marubuci ya saba gani a labarai shi zai rubuta. Binciken Annenberg ya samu kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Latino a manyan finafinan 2017 da 2018 a matsayin masu laifi aka nuna su. Marigayiya Lupe Ontiveros ta ƙiyasta cewa ta fito a 'yar aikin gida sau 150.

Malam Bashir: Wannan na ɗakin marubuta na karɓa, Malama. Amma an gwada fa. In the Heights, dala miliyan 55 aka kashe, 'yan Latino ne kusan duka, a ƙarshen makon farko bai kai miliyan 12 ba. Blue Beetle ya ci sama da miliyan 100, ya dawo da kusan 130, alhali gidajen silima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Asara ce. Masu sayen tikitin da Sagir ke faɗa ina suka shiga?

Sagir: In the Heights ya fito a Yunin 2021, korona ba ta gama lafawa ba, kuma rana ɗaya aka sake shi a manhajar kallon finafinai ta HBO Max. Blue Beetle ya fito a Agustan 2023 ana tsakiyar yajin aikin jarumai, ƙungiyarsu ta hana su tallata shi. Amma ka bar uzuri. Duk shekara finafinan Turawa da yawa ke faɗuwa, ba wanda ke cewa Turawa ba sa sayuwa. Su kuwa fim ɗaya ake ɗora wa nauyin mutum miliyan 62. Batgirl ko silima bai gani ba: a Agustan 2022 Warner Bros ta jingine shi bayan an kashe kusan miliyan 90, 'yar Latino Leslie Grace ce jarumar. A shekarar HBO Max ta soke Gordita Chronicles, shiri mai dogon zango kan iyalin 'yan Latino, bayan zango ɗaya, ta kuma cire shi daga manhajar.

Hajiya Rabi: Akwai inda ni ma ba na tare da masu ƙorafin, domin kalmar Latino tana ɓoye wariya a cikin gida. Unguwar Washington Heights ta New York, inda labarin In the Heights ya faru, cike take da baƙaƙen fata 'yan asalin Jamhuriyar Dominika, amma manyan jaruman fim ɗin mafi yawansu masu hasken fata ne, har Lin-Manuel Miranda, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya fito ya nemi afuwa. Shirye-shiryen soyayya na tashoshin Meksiko sun fi Hollywood muni a nan: uwar gida fara, mai aiki 'yar asalin ƙasa. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin tsohon ciwo ne. A West Side Story na 1961 an shafa wa Rita Moreno, haifaffiyar Puerto Rico, hoda mai duhu don ta dace da hoton da ke kan furodusoshi, aka ba Baturiya Natalie Wood matsayin Maria, jarumar labarin 'yar Puerto Rico. Moreno ta ci Oska a 1962, ta ce sai da ta yi kusan shekara bakwai ba fim, domin matan 'yan daba kawai ake kawo mata.

Malama Hauwa: Oskar Saldaña ma, Malam, a Emilia Pérez ta samu: labarin Meksiko, darakta Bafaranshe, an ɗauka a sutudiyo kusa da Paris, cikin manyan jarumai huɗu Adriana Paz kaɗai ce 'yar Meksiko. Kuma ta mai taimaka wa jaruma ce. Har zuwa bikin 2025 babu 'yar Latino da ta ci Oska ta gwarzuwar jaruma. A maza José Ferrer ne ya ci a 1951.

Malam Bashir: To na janye kalmar tarihi. Amma ina nan kan bakana game da magani. Ƙa'idar da hukumar Oska ta fara aiki da ita a 2024 ta ce fim ya cika sharuɗɗa biyu cikin huɗu kafin ya nemi kambun gwarzon fim. Babban kamfani zai cika biyun da ɗaliban koyon aiki da ma'aikatan sashen talla, ba tare da ya sauya jarumi ko marubuci ko ɗaya ba. Ƙa'ida ba ta ƙera tauraro.

Malama Hauwa: Ba ta ƙerawa. Abin da za a sa wa ido shi ne kwangilar ƙaramin marubuci: tashar ta ci gaba da biyan wani kaso na albashinsa a zango na biyu da na uku, da sharaɗin an ɗaga shi mataki. Sannan kowane kamfani ya bayyana shirye-shirye nawa ya saya daga marubuta 'yan Latino, nawa ya ɗauka, nawa ya kashe wa kowanne a talla. Malam, in alƙaluman talla suka fito daidai da na sauran finafinai kuma aka ci gaba da faɗuwa, zan yarda kasuwa ce.