Tiyon iskar shokazoba ya fito fili bayan na sa sirdin mutum ɗaya a Road King

Mai Road King:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, kuma watanni huɗu ke nan da na sayi tsohuwar Harley-Davidson Road King ƙirar 2012 a hannun wani dattijo. Tun da ni kaɗai nake hawa, sai na cire doguwar kujerar mutum biyu na ɗora ƙaramin sirdi na mutum ɗaya, na kuma cire majinginar baya. Babur ɗin ya yi kyau ƙwarai, amma abin da tsohuwar kujerar take rufewa yanzu ya bayyana: siririn tiyon nan baƙi da ke kai iska zuwa shokazoba biyu na baya ya yi lanƙwasa a bayan sirdin, a saman murfin tayar baya, har mahaɗarsa mai baki uku ana ganinta daga nesa. Na gwada cusa shi ƙarƙashin sirdin, sai na lura cewa idan na zauna gindin sirdin yana danne shi. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aikin, ko in rage tsawon tiyon, ko in sauya masa hanya, ko kuwa in nemi abin rufe shi.

Bakanike Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ba ka bar shi ƙarƙashin sirdin ba, domin tiyon na nailan ne, kaurinsa 5/32 na inci kawai, kuma abubuwa uku ne suke kashe shi: dannewa, gogayya da bakin ƙarfe, da zafin salansa. Idan ya karye a lanƙwasa sau ɗaya har wurin ya yi fari, to ko ka miƙar da shi wurin ya riga ya yi rauni, can zai fara yoyo wata rana.

Rage tsawonsa ba shi da wahala, amma ka bi a hankali. Ka fara cire akwatunan gefe biyu, ka je bawul ɗin da ke bayan akwatin hagu ka sauke iskar gaba ɗaya, ka sa tsumma a bakinsa domin wani lokaci ɗan mai yakan biyo iskar. Mahaɗan irin waɗanda ake tura tiyon a ciki su kama shi ne: ka danna zoben da ke bakin mahaɗar ciki, ka riƙe shi a danne, sannan ka zaro tiyon. Kada ka finciko shi da ƙarfi, haƙoran da ke ciki za su karce shi. Wajen yankawa kuwa, a nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin, saboda suna ɗaukar filaya ko almakashi, waɗanda suke matse bakin tiyon ya zama kamar ƙwai. Sabuwar reza za ka sa, ka ɗora tiyon a kan katako, ka yanke shi miƙe sak, ba a karkace ba, domin ƙaramin zoben roba ne a ciki yake riƙe iskar, kuma ba ya kama bakin da bai yi da'ira ba. Ka tura shi har ka ji ya kai ƙarshe, sannan ka ɗan ja shi baya ka tabbatar ya cije.

Game da hanya, ni ina bin jikin firam ne ta ciki, in maido da mahaɗar mai baki uku gaba kusa da batir inda sirdin zai rufe ta ba tare da ya zauna a kanta ba. Ka ɗaure da siraran igiyoyin roban nan masu kulle kansu, amma kada ka ja su har ƙarshe; ya kamata tiyon ya iya zamewa a cikinsu idan ka tura shi da yatsa. Ka kuma bar ɗan rara a kusa da kan kowace shokazoba, tun da tana ɗan motsi a kan kusoshinta idan babur ya faɗa rami.

Ɗan Hanya:

Da izinin Baba Bakanike, zan ƙara abu ɗaya da ya taɓa cin kuɗina. Bayan na gama irin wannan aikin, na tsaya a wani gidan mai na sa injin hura taya a bawul ɗin, ban san cewa iskar da shokazoban suke ɗauka 'yar kaɗan ce ba, kafin in ɗaga hannu ta wuce ƙa'ida, washegari na tarar da mai a jikin ta dama. Iyakar da aka rubuta wa irin naka ita ce psi 50 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska), kuma mai hawa shi kaɗai ba ya ma kusantar wannan adadin. Ka duba jadawalin da ke littafin babur ɗin gwargwadon nauyinka. Ƙaramin famfon hannu mai agogo, irin wanda ba ya zubar da iska idan an kwance shi, shi ne kayan aikin. Idan ka hura, ka shafa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa kamar yadda mai faci yake neman huji a taya, sannan ka bar babur ɗin ya kwana ka sake aunawa da safe.

Mai Son Sauƙi:

Ni dai a ganina wahala ce kawai. Shi kansa kamfanin ya bar shokazobar iska a manyan baburansa na tafiya tun ƙirar 2017, ya koma wadda ake murɗawa da hannu. Amfanin iska shi ne a ƙara ta idan an ɗauki fasinja da kaya, a rage idan an sauke, kai kuwa ka ce ba ka ɗaukar kowa. Ka sayi masu sifirin irin na kamfanin Progressive ko Öhlins daidai da nauyinka, ka cire tiyon da bawul ɗin baki ɗaya.

Mai Road King:

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Shawarar Mai Son Sauƙi tana raina, amma kuɗinta ya fi ƙarfina a bana. Ranar Asabar na bi bayanin Baba, na rage kimanin inci uku a ɓangaren dama, na maido da mahaɗar kusa da batir, ɗan abin da ya rage a fili kuma na zura shi cikin baƙar rigar waya mai saƙa. Da farko mahaɗar hagu ta yi kumfa, na zaro na duba na ga ashe tsohon bakin ya karce, na datse shi kaɗan na mayar, kumfar ta tsaya. Na bar shi a psi 10 da daddare, da safe agogon yana nan a inda yake. Saura ramin kusar tsohuwar kujera da ke tsakiyar murfin tayar, ko akwai wanda ya taɓa rufe shi da shimfiɗar fatar nan da ake ɗorawa a kan murfin taya ba tare da ta goge fenti ba?