Ƙasar da Ruwa Ya Bari: Musayar Baitoci a Kan Gaɓar Tafkin Chadi

Malam Ɗan Kukawa:

Assalamu alaikum. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye ruwan, ya bar fili mai yawa wanda masunta da manoma da makiyaya suke jayayya a kansa har yau. Wanda zai amsa ya amsa da baiti, kuma ya riƙe amsa-amonsa.

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance,
Shi ne ya shimfiɗa tafkin ba tare da gazawa.

Kakanni sun ce mutanen Sau ne suka fara zama,
Ƙattai waɗanda tsawonsu ya fi ƙarfin aunawa.

An ce ɗayansu yakan saɓa giwa a kafaɗa,
Ya kai ta gida kafin magariba, ba ya hutawa.

Ƙattan dai tatsuniya ce, amma manyan tulunansu
Ana tono su a kudancin tafki, ido yana ganewa.

Sarakunan Kanem suka zo da nasu labarin,
Cewa Saifu na ƙasar Yaman ne tushen Sefawa.

A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma ya yaƙi Sau,
Ya sare itatuwansu har garuruwansu suka kai ga rushewa.

Shehu Laminu ya gina sabon birni a 1814,
Rabe ya zo a 1893 ya sa wuta a Kukawa.

Kowane mai mulki ya ce kakansa ne ya riga kowa,
To ƙasar da ruwa ya bari, wa zai ce tasa ce da rantsuwa?

Baffa Mai Shanu:

Malam, na saurari tarihinka kuma na girmama shi,
Sai dai ka tsallake sawun shanu da na makiyaya.

Tun ba a ja layi tsakanin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru ba,
Shuwa da Fulani sun san burtali, sun san hanya.

Buduma na tsibirai suna da shanunsu na Kuri,
Masu ƙaho kamar tulu, suna ƙetare ruwa lafiya.

Mukan gangaro da rani idan ambaliya ta sauka,
Mu bi ɗanyar ciyawa, damina ta faɗi mu koma baya.

Bara na isa mashayar da mahaifina ya nuna mini,
Na tarar da tattasai ya yi ja, an kewaye shi da ƙaya.

Mai gonar ya shiga bukka ya fito da takarda mai hatimi,
Ni kuwa shaidata sawun kofato ce da tsohuwar rijiya.

An yi dokar keɓe wuraren kiwo a Arewa a 1965,
Akasarin filayen ba a tabbatar ba, garma ta shige su tun jiya.

Goggo Mai Banda:

Baffa, ka yi haƙuri, mashayar da kake kuka a kanta,
Mahaifina ya jefa taru a wurin tana tsakiyar tafki.

Daga ƙasar Kabi ya taso a shekarun fari,
Ya sauka Baga da komarsa, yana neman aiki.

Tafkin ya rabu gida biyu, na arewa da na kudu,
Ruwa yana ja suna binsa da bukkoki har can ciki.

Haka suka kai Darak suka kafa kasuwa da masallaci,
Babu wanda ya ce musu ga iyakar Kamaru, ku ja birki.

A 2002 Kotun Duniya ta ce ƙasar ta Kamaru ce,
A ƙarshen 2003 aka sauya tuta, muna kallo da mamaki.

Na girma ina juya tarwaɗa a kan wayar banda,
Idanuna suna hawaye, ƙarnin kifi ya kama jiki.

Daga Doron Baga ake loda kwalaye har zuwa Anaca,
Kuɗin kifin nan ya aurar da mu, ya rufe mana baki.

Abin da na gani shi ne fili guda yana ciyar da gida uku:
Mu kama kifi, a shuka wake, shanunka su ci harawa su bar taki.

Kawu Manomin Tattasai:

Baffa, mai yiwuwa shingen da ka gani irin nawa ne,
Don haka bari in faɗi yadda aka yi ya zama gona.

Damina ta gaza mana a tudu shekara bayan shekara,
Gero ya bushe a tsaye, muka gudo wa zafin rana.

Bulama ne ya auna mini fili da taku, na ba shi goro,
Ina kai masa rabonsa na amfani tun daga nan har bana.

Na ci bashin injin ban-ruwa da mai da irin shuka,
Garke ɗaya ya shiga da dare ya gama da su a kwana.

Da can kuna isowa bayan mun kwashe amfani,
Yanzu noman rani ya zo, ƙasa ba ta hutawa bayan damina.

Ban ce burtalin ƙarya ne ba, na san kakanka ya bi shi,
Amma bulaman da ya karɓi goron bai yi mini wannan magana.

Ɗalibin Taswira:

Iyayena, ku ba ɗanku dama ya sa baki kaɗan,
Domin akwai tatsuniyar zamani da kuka manta.

Ingila da Faransa da Jamus suka raba ruwan a teburi,
Suka ja layi a kan abin da kullum gaɓarsa take canja kamanta.

A 1964 ƙasashe huɗu suka kafa hukumar tafkin a Fort Lami, Njamena ta yau,
Amma kusan kashi 90 na ruwan daga kogin Shari yake fita.

A Marte an tsara ban-ruwa na hekta 67,000,
Aka haƙa magudana, ruwan ya ja da baya ya bar ta.

Dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992
Sun rage wa kogin Komadugu Yobe mai shiga tafkin ruwan da take bukata.

Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa fili a hannun gwamna,
Bulama yana rabawa, ƙaramar hukuma tana rubuta.

Yanzu ana cewa tafki ya mutu, a jawo ruwa daga Kwango
Ta magudana mai kilomita 2,400 da ba a fara haƙa ta.

Alhali tun shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo,
Ɓangaren kudu yana nan, sai dai talaka ya kasa kusanta.

Baffa Mai Shanu:

Kawu, na karɓi bayaninka, ɗan nan ma ya yi karatu,
Da ni da kai bulama ɗaya muka gaisar, ya ba mu baya.

Yau masu bindiga ne suke karɓar kuɗin ciyawa a tsibirai,
Su ƙirga shanu da bakin bindiga kafin su buɗe hanya.

Goggo Mai Banda:

Tun harin Janairun 2015 da ya watsa mutanen Baga,
Ban sake shan ruwan da na yi wanka da shi ba a tafki.

Tarun mahaifina yana rataye a ɗakin haya a Maiduguri,
Jikana ya tambaye ni ko gidan sauro ne, na rasa baki.