Jitar bas a gaba: wa zan fara saurara?

Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata shida ke nan ina koyon jitar bas, kullum malamina cewa yake aikina in tsaya a baya in riƙe wa mai ganga. Don Allah akwai waɗanda suka fito da ita gaba, ita ke jan kiɗan? Wa zan saurara?

Baffa Ɗanjuma: Wa alaikumus salam ɗana. Nemi faifan Jaco Pastorius na 1976, mai ɗauke da sunansa. Mutumin nan ya cire ƙarafan da ke jere a wuyan jitarsa, shi ya sa sautin ke zamewa daga wannan amo zuwa wancan kamar goge. A kiɗan farko, "Donna Lee", daga shi sai mai konga (doguwar ganga ta hannu), ba kaho ba fiyano. Ranar da na fara ji a kaset sau uku na mayar da shi baya, na kasa yarda bas ce ke wannan gudun. Ya rasu a 1987 yana da shekara 35, har yau abin na taɓa ni.

Anti Hauwa: Baffa a gafarce ni, amma Jaco zai iya sare wa mai wata shida gwiwa. Sadiq, fara da fank, kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka, ka saurari Larry Graham. Yana yaro yana kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da babban yatsa, yana fizgar siririya da manuniya, don cike gurbin gangar. Daga nan wannan salon dukan tsirkiya ya samo asali. Ji "Thank You" ta ƙungiyar da yake ciki, Sly and the Family Stone, 1969. In ka ɗauke bas ɗin, babu abin da ya rage.

Baffa Ɗanjuma: Gaskiyarki Hauwa, na yarda.

Musa Garwa: Kada ku manta da namu na Kamaru, Richard Bona. A Duwala ya ji faifan Jaco, ya koma bas. Shi yakan rera da baki daidai abin da yatsunsa ke bugawa, lokaci guda. Ƙanena, gwada wannan ko a hankali ne, kunnenka zai buɗe.

Anti Hauwa: Ƙara da "School Days" na Stanley Clarke, shi ma 1976. Farkonsa na da sauƙin kamawa.

Sadiq: Na gode ƙwarai. Na kunna Larry Graham yanzu a waya, amma da kyar nake jin bas ɗin.

Baffa Ɗanjuma: Sifikar waya ba ta ɗaukar amo mai kauri, ɗana. Sa iyafis mai kyau ko ka haɗa da babbar sifika. Kuma kada ka raina maganar malaminka: mai bas Bootsy Collins sai da ya riƙe wa mawaƙi James Brown bugun farko na kowane zagayen kiɗa daram a 1970 kafin ya fito gaba. Ka koyi farkon "School Days" a makon nan, ka turo mana mu ji.