Na rufe oksijin amma CO2 na ta fitowa, daga ina?

Ɗan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu kemistiri ku agaza min, furojek ɗina na shekarar ƙarshe ya tsaya cak. Ina aiki da katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, garin CeO2 ne (oksaid ɗin seriyum) da aka ɗora wa ɗan CuO (oksaid ɗin jan ƙarfe), ina tura iskar CO (kabon monoksaid) da oksijin a kai ina kallo da na'urar infirared, wato wadda ke nuna irin kaɗawar da kowane molekul ke yi. Abu biyu suka ɗaure min kai. Wani tsini na fitowa a zanen na'urar wajen 2110 cm⁻¹ (ma'aunin kaɗawar) alhali littafi ya ce CO na 2143. Na biyu kuma shi ya hana ni barci, na rufe oksijin ruf amma CO2 na ta fitowa a 2349 har 'yan mintuna kafin ya ragu. Ko dai injin ne ya tsufa?

Anti_Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bar injin nan bai maka laifin komai ba. 2143 ai na CO ne mai yawo a iska, shi ma ƙoƙo biyu yake fitowa ɗaya hagu ɗaya dama. Wanda ka gani a 2110 CO ne da ya maƙale kan Cu+, jan ƙarfen yana ɗan mayar masa da elektiron sai ɗaurin C da O ya sassauta, lambar ta sauko. Ka kora helium ko naitirojin ka gani, na iska nan take zai ɓace, maƙalallen kuwa sai ya ɗan jima.

Batun oksijin, daga jikin garin yake ciro shi. CO ya zo ya ɗauki oksijin ɗaya daga fuskar CeO2 ya zama CO2 ya yi gaba, ya bar gurbi, Ce4+ ya koma Ce3+, in ka buɗe oksijin sai ya zo ya cike gurbin, kamar mai cin bashi a shagon unguwa ne ana biya ana sake ɗauka, kai kuma ka hana biya shi ya sa kayan shagon suka ƙare bayan mintuna. Mars da van Krevelen suka bayyana wannan tun 1954, sunansu ma tsarin ke ɗauke da shi.

Fita_Suame:
Ni dai ba ɗan boko ba ne amma wannan abin naku ba shi ne cikin tukunyar salansa ba? A Magazine, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, kullum sai an kawo mota an ce a huda ta a zubar wai tana toshe wuta. Oga na kan ce kuɗi ne ake zubarwa.

Anti_Asawase:
Shi ne malam, ogan ka ya yi gaskiya. Akwai filatinum da faladiyum da rodiyum a ciki, CeO2 kuma shi ke ajiye oksijin ya saki lokacin da mai ya yi yawa a injin. In an huda, CO ɗin nan mara launi mara wari ku za ku fara shaƙa a gareji, kuma ya fi oksijin kama jini sau 200 da wani abu.

Malam_Tafo:
Duk abin da Anti ta faɗa haka ne, amma yaro kar ka yi saurin rubutawa. 2349 ɗin nan mayaudari ne, iskar ɗaki ma na da CO2, in ba a kore hanyar hasken da kyau ba numfashinka kaɗai ya isa ya ɗaga tsinin. Ka gwada da kofin da babu gari tukuna. In kuna da Raman, wata na'urar auna kaɗawa ce mai amfani da hasken lesa, ka duba, CeO2 na da babban tsini wajen 465, guraben oksijin kuma kan nuna kansu kusa da 600. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce oksijin 18, wato oksijin da ya ɗan fi na yau da kullum (16) nauyi, in ka tura shi amma CO2 na farko ya fito da 16 zalla to daga garin ya ciro, sai dai tsada. Kuma ka busar da garin sosai, damshin Kumasi ba ya raga wa katalis.

Ɗan_Aboabo:
Na gode ƙwarai Anti, na gode Malam. Wallahi fuskata na kan injin duk lokacin da nake auna, ban taɓa kawo numfashi a raina ba. Litinin zan fara da kofin wofi, in wuta ta bar mu.