Jinkirin iyaye ne ko asibitin ne ba kayan aiki?

Malamin asibiti: Ni dai maganata ɗaya ce, yawancin yaran da maleriya ke kashewa jinkirin iyaye ne. Sai an kwana huɗu ana yawo tsakanin kemis da rubutu, yaro ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat, sannan a kwaso mana shi tsakar dare.

Maman 'yan biyu: Haba Malam, don Allah ku daina ɗora mana laifi. Bara da damina ranar da ɗana ya ƙi nono ranar na kai shi sha-ka-tafi na garinmu, abin gwajin ma wai ya ƙare, aka rubuta min allura na je waje na sayo, ga ba wuta, wlh da fitilar wayata aka nemo jijiya. Wannan ma jinkirina ne?

Malamin asibiti: Ke kin yi ƙoƙari Hajiya, amma irinki nawa ne?

Wata nas: Malam ka faɗi rabin gaskiya ka ɓoye rabi. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar artesunate ce ta farko ga yara masu maleriya mai tsanani, bayan binciken 2010 kan yara sama da 5,000 a ƙasashe 9 na Afirka, har da Ilorin, ya nuna ta rage mutuwa da wajen kashi 22 cikin 100 idan an gwada da kwinin. To amma ba ɗaya ake yi ba, akwai ta farko, ta awa 12, ta awa 24, sai ƙwayoyin maganin maleriya na ACT na kwana 3. Sau nawa ake yin ɗaya yaro ya buɗe ido a ce ku tafi gida? Ga awo, kowane kilo da adadinsa, wani wurin sikelin ma ya lalace sai dai a kimanta da ido. Sugan jini kuwa ba a ma zancen dubawa.

Mai kemis: Ai mu a kullum mu ne abin zagi a nan.

Wata nas: Yallaɓai in kun ga jijjiga ku tura asibiti kawai, ban da ƙarin ruwa a bayan kanti.

Maman 'yan biyu: Shi nawan ƙarin jini aka ce, sai babban asibiti, kuma motar ɗaukar marasa lafiya babu. A kan mashin muka tafi, mahaifinsa ne ya ba da jinin.

Malamin asibiti: Maganar jini kam ba ni da ta cewa, mu ko firjin ajiye shi ba mu da shi.